Malam Kailani, Mai Jiran Haske

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin layinsu da ke Tudun Wadan Zariya, wasu sukan koma gida su ɗan miƙe, wasu su zarce wurin mai shayi. Malam Kailani Mai Hoto ba ya cikin ko ɗaya. Shi yakan tsaya a bakin zaurensa, carbi a hannu, ya juya fuska gabas. Jira yake ya ga da wane hali rana za ta fito yau: ko da zafinta, ko a lulluɓe cikin gajimare, ko kuwa irin fitowar nan ta bayan an kwana ana ruwa, wadda ganye da katanga da fuskar mutum duk suke yin fes. Shekara arba'in da ɗoriya haka yake yi. A da, in ya gama dubawa sai ya shiga ya ratayo jakar kyamara, ya turo kekensa, ya nufi bakin kogin Galma ko gindin dutsen Kufena tun raɓa ba ta bushe ba. Yanzu kuwa in ya gama sai ya lalubi bango, ya koma ciki ya zauna a kan tabarma.

Idanun ne suke tafiya. Likitocin da aka kai shi wurinsu a Kaduna sun ce hawan jinin ido ne, ciwon da yake fara ci ta gefe, mai shi bai ankara ba sai ya yi nisa, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Na dama ya riga ya rufe. Zuwa farkon daminar bana na hagu ne ya rage, shi ma ɗan tsakiyar kawai, kamar mai leƙen tsakar gida ta kafar makulli. Masu zaman bakin layi sun ce ai dama, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙura wa rana ido me ake jira? Likita ya ce babu ruwan rana a ciki, amma su sun riga sun yanke hukuncinsu, ba kuma su da niyyar ɗaukaka ƙara.

Makantar ya karɓe ta da haƙuri irin na wanda ya san Mai bayarwa shi ne Mai karɓa. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Akwai hoto guda da ya yi alkawari tun yana ango, har lokacin bai ɗauka ba, ga shi ɗan idon da zai ɗauka da shi kullum ƙara tsukewa yake yi. Hoton matarsa ne, Larai.

Tana amarya, satin da ta tare, ta ci kwalliya ta fito tsakar gida ta ce, “Malam, ni fa ba a ɗauke ni ba.”

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, “Ranar ta yi tsaye, za ta ɓata miki fuska. Bari sai la'asar sakaliya, in haske ya kwanto kan katangar nan. Naki hoton ba na gaggawa ba ne.”

La'asar ta yi yana bakin kogi. Abin da bai lissafa ba shi ne, tsakar gidan nasu sau biyu kawai take samun hasken kirki a yini, da hantsi da kuma yamma lis, waɗannan kuwa su ne lokutan da mai hoton waje yake neman abincinsa. In yana gida hasken bai yi ba, in hasken ya yi ba ya gida. Aka haifi 'ya'ya, aka yaye su, aka aurar, furfura ta fito wa Larai a goshi. Matar mai hoto guda, amma hoton da take da shi na katin zaɓe ne, wanda ta fito a ciki kamar an kama ta da kayan mutane. Autarsu Maijidda ta sha ɗaukarta da waya, ita kuwa ko kallo ba ta yi. “Wannan wasan yara ne,” in ji ta. “Nawa yana wurin ubanku.” Tana faɗa da dariya, amma duk wanda ya san ta ya san dariyar ba ta kai ciki ba.

Kafin mu kai ga yadda wannan magana ta ƙare, ya kamata a san ko wane ne ake magana a kansa, don da yawa daga yaran yanzu tsoho kawai suke gani mai laluben bango.

Duk gidan da ya kwana biyu a Tudun Wada, ko Gyallesu, ko Kongo, in aka buɗe tsohon albam za a ga hannunsa, kuma ba sai an juya bayan hoton an ga tambarinsa ba. Hotonsa fuska tana fitowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da mutane baƙaƙe suke son farar riga. Kyamara farin take gani ta ruɗe, sai ta fito da babbar riga tas, mai rigar kuwa ta mai da shi dunƙulen duhu da haƙora. Malam Kailani tun yana yaron shago ya gane haka, sai ya riƙa auna haske a bayan hannunsa maimakon a jikin riga, tunda fatarsa irin ta masu hoton ce. Ba ya ɗaukar mutum da tsakar rana ko da za a yi faɗa. An sha yi kuwa. Ango da abokansa su jeru a filin Allah da azahar, gumi yana zuba, shi kuma ya ce sai dai a koma inuwar darbejiya. In sun koma, sai ya aika cikin gida a aro masa tiren silba, ya ba wani ya riƙe daga gefe, ya karkata shi har hasken ya tashi daga tiren ya sauka a ƙarƙashin haɓar ango. Matan unguwa har tsokanarsa suke yi, wai in ka ga Kailani a ƙofar gidanka ka ɓoye tirenka.

Hajiya Kulu ta layin bayansu ba ta tsokanarsa. Ɗanta ya rasu a hanyar Kaduna shekarun baya, matashi, ya bar matarsa da jariri. Da aka nemi hoton da za a ajiye wa yaron, aka zazzage wayoyin abokansa kaf. Hotuna sun fi a ƙirga, amma wannan ya ba taga baya fuskar ta yi baƙi ƙirin, wancan rana ta sa ya runtse ido, wancan fitilar waya ta wanke shi ya zama wani. Sai a wurin Malam Kailani aka samu guda, wanda ya ɗauke shi wata ranar Sallah da ta zo da hadari, a jingine da katanga. “Ranar nan har na ce masa, Malam, yau babu rana, hoto zai yi kuwa?” in ji Hajiya Kulu. “Ya ce, Hajiya, ranar gajimare ita ce ranar fuska. Wallahi in na dubi hoton nan ji nake kamar zai ce mini Inna.”

Hoton mutane shi ne abincinsa, amma zuciyarsa tana daji. Nagoda, wani tsohon masunci a Galma, ya ce da farko ya ɗauka mai taɓin hankali ne. Mutum ya zo tun duku-duku, ya naɗe wando, ya shiga ruwa har gwiwa, ya tsaya ƙiƙam yana fuskantar wani zalɓe, matsattsaku suna shan jininsa. Rana ta fito, zalɓen ya tashi, shi kuma ya fito bai danna komai ba.

“Na ce masa, bawan Allah, ga tsuntsu a gabanka tun ɗazu, me ya hana ka?” in ji Nagoda. “Ya ce tsuntsun ya zo, hasken ne bai zo ba. Na ce to Allah ya kawo shi. Washegari ya dawo. Haka ya yi ta zarya har na fara ajiye masa gasasshen kifi, don tausayi.”

Hoton da ya fito daga wannan zarya yana nan. Rana tana bayan tsuntsun, ƙasa-ƙasa, ta zagaye gashin wuyansa da wani siririn zare mai haske, tururin ruwa yana tashi a ƙafafunsa. Nagoda da aka nuna masa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi da aka haifa a bakin ruwan nan bai taɓa sanin haka yake ba.

Haka ya bi rimayen Zariya ɗaya bayan ɗaya. Rimi, in ji shi, ba a ɗaukarsa rana tana gaba, sai ya zama gungume kawai. Sai ta gefe, da sassafe, lokacin da kowace jijiya ta gindinsa take jefa inuwarta. In kuma lokacin fashewar audugarsa ne, sai a bar rana a bayansa, a ga audugar tana yawo a sama tana walƙiya. Da yawa daga rimayen nan yanzu babu su. An sare, an yi shaguna, an yi gidan mai, an faɗaɗa hanya. Shamuwar da take sauka a kansu farkon damina ta nemi wani wuri. Wanda yake son ya nuna wa ɗansa yadda unguwarsu take kafin a haife shi, sai dai ya zo zauren Malam Kailani.

Ɗaliban jami'a daga unguwar Kongo sun sha zuwa da sababbin kyamarorinsu, ya fita da su bayan ganuwa ba tare da ya karɓi komai ba. Ba ya yawan bayani. Sai ya ce su ajiye kyamarar tukuna, su zauna su kalli tsamiya guda daga la'asar har almuru, su gaya masa sau nawa ta canza kama. Wasu sun gaji sun gudu. Waɗanda suka zauna, yau suna Abuja da Legas ana kiran sunansu, wasu sukan bugo waya da Sallah, wasu kuwa sun manta hanyar.

Kai ne, Malam Kailani, wanda ya koya mana cewa inuwa ma aiki take yi a hoto, ba korarta ake yi ba, wuri ake ba ta. Kai ne ka tsaya wa fuskar baƙin mutum har ta fito da mutuncinta a takarda. Mai jiran haske, mai haƙurin bakin kogi. Ka ɗauki angwaye da jarirai da matattunmu tun suna raye, ka ɗauki itatuwan da muka sare da hannunmu, ba ka taɓa tsayawa a gaban kyamara an tafa maka ba. Muna jin kunyarka, gaskiya. Waya ta zo, kowa ya zama mai hoto, muka daina sallama a shagonka har ka rufe shi, yanzu cajin waya ake yi a wurin. Fina-finan hotunanka suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, danshin damina yana cin su a hankali, mu kuma muna wucewa ta ƙofar gidanka muna ɗaga maka hannun da ba ka gani.

A daminar bana ne, da ya ga ɗan abin da ya rage a idon hagun ya fara yin hazo, ya aika a kira masa Udochukwu. Udochukwu haifaffen Sabon Gari ne, shi yake wanke masa hotuna tun suna samari, Hausarsa kuwa ta fi ta wasunmu. Shi ma ya daɗe da komawa buga hoton waya, amma yana da ragowar fim baƙi-da-fari da ya adana a firij, da ɗan maganin wanki.

“Udo, fim nake so. Da tsohuwar kyamarar zan ɗauka, wadda nake da ita lokacin da aka kawo Larai.”

“Malam, ka bari Maijidda ta saita maka mana. Ko ka ɗauka da sabuwar, ita da kanta take saiti.”

“Ni na yi alkawarin, ba Maijidda ba, ba kuma inji ba.”

Udochukwu ya kawo fim ɗin.

Sai kuma sama ta ƙi. Aka shiga marka, ruwa ba dare ba rana, gari ya yi duhu kamar an kifa masa kwano. Kullum bayan la'asar Larai takan yi wanka, ta ɗaura atamfarta mai ruwan goro, ta zauna a kujera 'yar tsugunne a gaban bishiyar gwaibar da ke tsakar gida. Shi kuma ya fito ya miƙa bayan hannunsa sama, ya ɗan jima, ya girgiza kai. Ta tashi ta tuɓe ta ninke. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, abin da ya fi ba Maijidda tsoro ke nan, don uwarta ba mai shiru ba ce. Shi kuwa kowace safiya in ya tsaya a bakin zaure, sai ya tarar abin da yake iya gani ya ƙara raguwa.

Ran wata Laraba ruwa ya ɗauke da yamma. Gajimare ya tsage ta yamma, rana ta leƙo ƙasa-ƙasa, ta kwanto kan katanga, jiƙaƙƙen ganyen gwaiba ya kama sheƙi. Malam Kailani ya ji ɗuminta a hannunsa kafin kowa ya gani.

“Larai! Fito, ya zo.”

Ta fito tana gyara ɗankwali. Ya sa Maijidda ta riƙe tire ta hagu, ya ce ta ɗan sunkuyar, ta ƙara, ta tsaya haka. Ya kafa idon hagu a kyamara yana murza zoben saiti gaba da baya, ya daɗe yana murzawa.

“Malam, wuyana ya gaji,” in ji Larai.

“Shekara nawa kika yi kina jira, yanzu ne za ki gaji? Dubi nan. Kada ki yi mini murmushin biki.”

Sai ta yi dariya, ta gaske, shi kuma ya danna. Ya sake dannawa, ya sake. Kafin ya ƙara, gajimare ya haɗe, tsakar gidan ta koma yadda take.

Bayan kwana biyu Udochukwu ya zo da kansa, da ambulan a hannu. Ya yi sallama, aka yi masa iso har tsakar gida, ya miƙa wa Larai ba tare da ya dube ta ba. Ta zaro. Maijidda ta leƙo ta kafaɗarta, sai ta toshe baki da gyale.

Hasken ya yi, babu abin da za a ce. Amma saitin ya wuce ta. Gwaibar da ke bayanta ita ta fito ras, kowane ganye da jijiyoyinsa, har ɗigon ruwan da ke rataye a bakinsa. Larai kuwa ga ta nan a gaba dishi-dishi, kamar ana hangenta ta gilashin da ya yi gumi. Duka ukun haka suke.

“Kun yi shiru,” in ji Malam Kailani daga kan tabarma. An miƙa masa guda, ya kai shi dab da hancinsa, ya karkata, ya mayar. “Ba na gani. Larai, dubi idanunki a ciki. Akwai ɗan ɗigon haske a kowanne? In babu shi fuska ba ta da rai.”

Larai ta yi jim. Ta kai hoton bakin ƙofa inda ya fi haske, ta duba da kyau. A cikin fuskar nan da ta narke, ɗigo biyu farare suna nan, tiren ya yi aikinsa.

“Akwai, Malam.”

“Duka biyun?”

“Duka biyun.”

“Alhamdu lillahi. To na sauke.”

Maijidda ta buɗe baki za ta ce a sake wani, uwarta ta kama hannunta ta matse. Daga baya a ɗaki ta ce mata, “In kika ce a sake, kin gaya masa idon ya ƙare ke nan. Ni hotona ya yi. A sa mini shi a gilashi.”

Da Udochukwu zai tafi, Malam Kailani ya ce zai taka masa. Suna isa zaure ya riƙo hannun rigarsa, ya rage murya.

“Udo, gwaibar ce ta fito, ko?”

Udochukwu ya sunkuyar da kai.

“Na sani. Da ya yi kyau aikowa za ka yi, ba za ka taso da kanka ba. Kuma ita Larai ba ta taɓa yin jim kafin ta ba ni amsa ba.” Ya saki hannun rigar. “Da na ɗauke ta tun ranar da ta tambaya, ko da tsakar ranar ne, da yanzu tana da fuska. Kada ka gaya mata na gane.”

Udochukwu ya ce har ya hau babur ɗinsa bai daina share ido ba. Bai iya riƙe maganar shi kaɗai ba, ya kawo mana, mu ma ga shi mun kasa. Kafin damina ta fita, ɗan abin da ya rage a idon hagun ya rufe.

Malam Kailani, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa abin da ka rasa ya zama kaffara, ya haskaka maka inda ido ba ya kaiwa. Ku kuma masu kyamara a aljihu, ku koyi haƙurinsa, ku dubi inda rana take kafin ku danna, amma mutumin da ke cikin gidanku kada ku ce masa sai la'asar. Masu hali da masu ilimin adana tarihi a garin nan, akwatin nan yana ƙarƙashin gado, mai shi yana da rai, yana kuma iya gaya muku sunan kowane rimi da ke ciki. Ku je tun yana iya faɗa.

Roƙo ɗaya muke yi ga duk wanda ya karanta wannan a Tudun Wada: ya riƙe bakinsa. Ita ba ta san ya gane ba, shi kuma yana so ta ci gaba da rashin sani. Hoton yana rataye a ɗakin Larai, saitin ƙofa, kullum tana goge gilashinsa. In kun shiga gaishe su, zai ce a nuna muku, zai kuma tambaye ku yadda kuka gan shi. Ku dubi idanun kawai, ku gaya masa abin da kuka gani.